Matakai Tara na Jawo Kuɗin Ƙasar Waje Ta Ƙofar Doka

Ka kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko ɗaya ba, ina tabbatar maka kafin shekara ta zagayo kuɗin ƙasar waje za su shigo asusun da ke ɗauke da sa hannunka, da rana tsaka, da takardar shaida mai hatimi, babu ɗan sanda a ƙofar gidanka. Ba labari na ji ba. Na gwada, kuma sun shigo.

Ga wanda yake maka magana: shekara goma sha shida ina riƙe da shagon buga takardu, kwamfuta ɗaya, injin fotokwafi ɗaya, benci ɗaya na masu jira. Da yatsun nan nawa na buga wa mutane da yawa takardun ƙungiyoyinsu. Na ga sun zo a ƙafa, dugadugan takalmi a cinye, bayan shekara biyu na ga sun wuce ta gaban shagon, gilashin mota a rufe. Wata rana na tambayi kaina, ni da nake gyara musu rubutun, me suka fi ni? Amsar ita ce wannan jagora.

Mataki na ɗaya: Nemo matsalar da ba a riga an kama ba

Kada ka ɓata lokacinka kan marayu, an kama su. Rijiyoyi ma an kama. Dashen itatuwa kuwa ƙungiya bakwai ke yi a layinmu kaɗai, kuma har yau babu inuwar da mutum zai tsaya ya jira mota. Kana buƙatar matsala sabuwa, mai kyan hoto, wadda ba ta da nisa da gidanka saboda kuɗin mota.

Tawa tana bayan shagona, shekara goma sha ɗaya ina kai ƙarar hayaniyarta. Wani mai walda ne da ake ce wa Tartsatsi. Cutar shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, yana yawo a keken hannu mai taya uku da ya ƙera da kansa. Ƙofofi da tagogi yake yi ya ci abinci, amma duk sanda ya samu ragowar bututu ko tsohon gadon ƙarfe, sai ya haɗa wa wani irinsa keke, ya karɓi abin da aka ba shi, wani lokacin godiya ce kawai. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta sunayen masu jira.

Na same shi yana yanka bututu, na yi masa sallama da wata murya mai taushi da bai taɓa ji a bakina ba. Na bayyana masa cewa zan kafa ƙungiyar da za ta share hawayen masu buƙata ta musamman. Bai ɗaga gilashin fuskarsa ba sai da na kai aya.

"Ni gurgu ne, Malam," ya ce. "Buƙatata ta musamman taya ce. Idan ƙungiyar taka za ta kawo taya, rubuta sunana."

A wannan matakin ka amsa da to ga duk abin da aka ce. To ba ta da hatimi.

Mataki na biyu: Zaɓi suna mai nauyi

Ofishin rajista zai nemi sunaye uku, su ba ka wanda ba a riga ka ba. Suna mai kyau shi ne wanda sai mutum ya ja numfashi a tsakiyarsa. Ka tabbata akwai "ci gaba" a ciki, akwai "ɗorewa", idan da sauran wuri ka cusa "al'umma". Nawa na farko shi ne Gidauniyar Haɗin Gwiwa Don Ɗorewar Ci Gaban Al'umma Masu Rauni. Na biyun shi ne na farkon, na dai juya kalmomin. Na ukun ya gagare ni, ga fom ɗin ba ya karɓar gurbi a buɗe, sai na leƙa ta tagar baya na tambayi Tartsatsi. Ko juyowa bai yi ba, ya ce in rubuta Taya Uku. Na rubuta don cike layi.

Bayan mako biyu ma'aikacin taga ta uku, wani dogo mai ɗora tabarau a goshi, ya sanar da ni cewa suna na farko na wasu ne tun shekara tara da suka wuce, na biyun kuma na waɗanda suka ɓalle daga cikinsu ne. Saura Taya Uku. Ya buga hatimi kafin in buɗe baki.

Idan haka ta same ka, ka riƙa gaya wa mutane da gangan ka zaɓi gajeren suna, masu ba da tallafi ba sa son dogon zance. Ka yi ta faɗa, a hankali kai ma za ka yarda.

Mataki na uku: Tara amintattun da ba sa karatu

Fom ɗin da aka ba ni ya ce ƙungiya sai da amintattu uku, kuma ba 'yan gida ɗaya ba. Kai ne na farko, kai ne shugaba. Sauran biyun ka nemi masu mutunci a idon jama'a waɗanda ba sa duba abin da suke sa wa hannu.

Tartsatsi ne na biyu. Na ɗauka mutumin da ke yini da wuta a gaban idonsa ba zai damu da ƙananan rubutu ba. Ta ukun matata ce ta kawo ta, tana yanka albasa, ba ta ko kalle ni ba, ta ce me zai hana in sa yayarta. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, shekara talatin da ɗaya tana duba littattafan yara. Ita ta yi ritaya, biron bai yi ba. A dangi ana ce mata Jan Biro, a bayan idonta. Ta taɓa mayar mini da wasiƙar gaisuwa da gyara biyu a jiki.

Na auna na ga sunanta zai yi kyau a takarda, kuma tsufa ya rage mata gani. Abin da matata ba ta gaya mini ba shi ne a watan yayar tata ta yi sabon tabarau.

Mataki na huɗu: Kundin dokoki, ka kwafa amma ka duba

Babu wanda ke rubuta kundin dokokin ƙungiya daga kansa. Ana kwafa ne daga wanda ya kwafa. A kwamfutata akwai na wata ƙungiyar masu kiwon kaji da aka bar mini, shafi goma sha takwas, sai na canza sunan a sama, na sa inji ya maye duk kalmar "kaji" da "'yan ƙungiya", na buga kwafi uku, na kai wa Jan Biro nata da biro a buɗe, na nuna mata inda za ta sa hannu. Ta ce in dawo jibi.

Na dawo na tarar da takardun kamar an yanka wani abu a kansu. Ta zaunar da ni a kujerar baƙi, ta ba ni ruwa, sannan ta buɗe shafi na shida ta tambaye ni dalilin da ya sa kowane ɗan ƙungiya zai yi wa 'yan ƙungiyarsa allurar rigakafi sau biyu a shekara kuma ya share musu keji. Na ce kuskuren inji ne. Ta ce inji ba ya kuskure sai an danna shi.

Gyaran nahawu bai dame ni ba. Abin da ya kamata ya dame ni wasu layuka ne biyu da ta ƙara a shafi na goma sha ɗaya, da rubutunta mai tsaye kamar shinge. Na farko ya ce amintacce ba ya karɓar albashi, ko alawus, ko wani abu mai kama da su da aka canza wa suna. Na biyu ya ce kuɗi ba sa fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu.

"Ai kowa ya san wannan, Yaya," na ce, ina murmushi.

"To tunda kowa ya sani, Baban su Auta, ba zai yi nauyi ba idan an rubuta."

Na buga da hannuna. Ina bugawa ina gaya wa kaina takarda dai takarda ce, na fi kowa sanin inda takardu ke ƙarewa, a ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa. Kai idan ka zo nan, ka ce tawada ta ƙare.

Mataki na biyar: Koyi zaman benci

Za ka je ofishin rajista sau da yawa, har mai gadi ya fara tambayar ka lafiyar iyali. Ran farko za a ce hotunanka bayansu ya cika fari. Ran na biyu za a ce ka haɗa takardun da allura, alhali da zare ake ɗaurewa. Ran na uku mai zaren ya tafi hutu. Kada ka yi fushi, fushi yana mayar da fayil ƙasan tari. Ka zauna kusa da fanka, ka gaishe da kowa, har wanda ya zo gyaran fankar.

A ƙarshe aka ce amintattu su zo da ƙafarsu su sa hannu a gaban ma'aikaci. Ofishin yana hawa na biyu, matakala ashirin da shida, na ƙirga su sau da yawa. Muka iso mu uku, Tartsatsi ya tsayar da kekensa a gindin matakalar, ya ɗaga kai ya dube ta daga ƙasa har sama, kamar mai duba aikin wani da bai yi kyau ba. Na cire hula, na durƙusa na ce ya hau bayana. Ya ce shi ba buhu ba ne, kuma ya ga yadda nake haki idan na ɗauki kwalin takarda.

Jan Biro ta miƙa mini jakarta ta hau ita kaɗai, tana dafa bango. Bayan minti goma sai ga ma'aikacin taga ta uku yana saukowa, babban littafi a hammata, hatimi a hannu, tabarau a kan hanci karon farko tun da na san shi. Ya durƙusa ya ɗora littafin a kan gwiwarsa, Tartsatsi ya sa hannu a tsakar gida, masu jira suna leƙe daga sama. Daga baya na tambaye ta abin da ta gaya masa. Ta ce ba ta ce komai ba, tsayawa kawai ta yi a gaban tagar tana kallon sa.

Mataki na shida: Adireshi

Ƙungiya sai da ofis, kuma za a turo mai dubawa ya tabbatar ofishin yana nan. Ka rubuta adireshin wani, don haya ta zama tasa. Ni na rubuta rumfar Tartsatsi.

Saura kwana goma sha biyu mai dubawa ya zo, mai filin da rumfar take ya iso da wasu mutane biyu da igiyar awo. Zai gina shaguna, ya ba Tartsatsi mako ɗaya. Babu faɗa, babu zagi, filinsa ne. Da yamma na leƙa na ga Tartsatsi yana jera kayan aikinsa a cikin tsohuwar durom, guduma, zarto, wayar walda, yana goge kowanne kafin ya saka. Na tambaye shi ina zai koma. Ya ce akwai wani ƙaninsa a bayan gari, amma hanyar yashi ce, keke ba ya shiga. Ya ci gaba da gogewa.

Ka fahimci halin da nake ciki. Babu rumfa, babu adireshi. Babu adireshi, babu takardar shaida, wata bakwai na zaman benci sun tafi a banza. A gida na yi ta zagaye zancen, matata tana ninke kaya tana saurara, sannan ta ce ai shagona ɗaki biyu ne, na bayan ba abin da ke ciki sai matattun injina da kwalaye. Na ce wannan ɗakin na tanade shi don ofishin shugaba. Ta ce shugaban me, idan babu rumfa.

Muka fasa bangon baya, muka yi ƙofa mai faɗi da gangara ta siminti. Tartsatsi da kansa ya yi ƙofar, kuma dole in faɗa, ba a taɓa yi mini ƙofa mai kyanta ba. Mai dubawa ya zo ya tarar da allo, da shugaba a tsaye, da tartsatsin wuta yana tashi a bayansa. Ya rubuta cewa ofishin yana aiki fiye da yawancin waɗanda ya gani. Takardar shaida ta fito bayan mako uku, na sa ta a gilashi.

Abin lura: ƙurar ƙarfe tana shiga injin fotokwafi. Duk takardar da na buga tun daga lokacin tana fitowa da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Ɗalibai sun koma shagon gaba, lauyoyi biyu da nake wa aiki ma haka. Ka ɗauki wannan a matsayin jari.

Mataki na bakwai: Rubuta wasiƙar da za ta sa baƙo kuka

Da takardar shaida a hannu, banki zai buɗe maka asusun da ke karɓar kuɗin waje, bayan ya nemi duk takardun da ka riga ka ba shi. Sai wasiƙa. A nan ne na ƙware. Na rubuta shafi huɗu, akwai duhu, akwai ƙunci, akwai idanu masu neman agaji, kalmar "hawaye" ta fito sau tara. Na karanta wa Tartsatsi da murya mai rawa, har ni kaina na ji wani abu.

Ya kashe injinsa, abin da ba ya yi wa kowa. Ya tambaye ni wa ya gaya mini yana kuka. Na ce salon rubutu ne. Ya ce yana da mata, yana da 'ya'ya mata uku, babbar tana karatun aikin jinya, idan wannan wasiƙar ta faɗa hannunta da wane ido zai kalle ta. Na ce to aƙalla ya sa tsohuwar riga mu ɗauki hoto. Ya ce ran hoto sabuwar rigarsa zai sa, kuma a goge.

Sannan ya ce in ɗauki biro. Ya faɗa na rubuta, layi takwas. Keke ɗaya yana cin bututu kaza, taya uku, sarƙa ɗaya, kwana huɗu na aiki. Yana yin shekara shida idan ana sa mai. A littafinsa mutum arba'in da uku ke jira, wadda ta fi daɗewa shekara uku. Ba ya neman a biya shi aikin hannu. Wanda ke shakka ya zo ya gani. Jan Biro ta duba, ta ƙara waƙafi ɗaya, ta mayar da murfin biron.

A matsayina na gwani, na aika tawa wurare arba'in ba tare da na gaya musu ba, tasa kuma wuri ɗaya don kada a ce ban aika ba. Wurare arba'in ɗin har yau suna nazari. Ɗayan ya amsa cikin kwana goma sha ɗaya, ya ce zai turo mai gani.

Mataki na takwas: Tarbi baƙo, ka jira ƙarar waya

Ka shirya jawabi, ka buga ƙyalle mai sunan ƙungiya, ka aro kujeru. Duk na yi. Wadda aka turo wata mace ce mai furfura, da takalmin aiki da ƙaramar jaka a baya. Ta gaisa, ta saurari sakin layi na farko na jawabina, sannan ta kwanta rigingine a kan siminti ta shiga ƙarƙashin wani keke tana duba haɗin walda da 'yar fitilar hannu. Awa uku suka yi da Tartsatsi, ba sa jin yaren juna, suna magana da yatsu da alli a ƙasa, suna gardama kan tsawon abin tuƙi. Sau ɗaya ta nemi shugaba, don ya riƙe mata bakin igiyar awo.

Bayan wata biyu, ina cikin cire takardar da ta maƙale a inji, waya ta yi ƙara. Sun shigo. Na karanta saƙon a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kamar yadda na yi maka alkawari, da rana tsaka, bisa doka.

Na kira taron amintattu, na kawo shawarar a ware wani abu don gudanarwa, da ɗan abin hawa saboda martabar ƙungiya. Jan Biro ba ta ce a'a ba. Ta buɗe jakarta, ta ciro kundin, ta lashi yatsa, ta tafi shafi na goma sha ɗaya, ta ajiye shi a gabana a buɗe. Tartsatsi ya ce idan abin hawa nake so zai haɗa mini, taya uku.

Kada ka karaya, akwai sauran ƙofa ɗaya. Ni ake aika wa sayen kaya, tunda ni ne mai ƙafa da lokaci. Mai sayar da ƙarfe, wani mai fara'a da ya san duniya, ya ja ni bayan shago ya nuna mini bututu iri biyu. A ido ɗaya suke, idan an shafa fenti ko uwar ƙarfe ba za ta bambance ba. Ɗaya mai kauri ne, ɗaya siriri daga ciki. Ya ce shi zai rubuta mai kauri a rasit, ya ɗora mini siririn, abin da ya rage tsakani mu san yadda muka yi da shi. Ya ce kowa haka yake yi. Na ce zan dawo ran Asabar. Na fito ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Mataki na tara: Kada ka bi su kai kaya

Wannan ne mafi muhimmanci, kuma a nan na faɗi. Masu tallafi suna son hoto a rahoto, sai ka ga kamar dole ka je. Kada ka je. Ka aiki wani.

Ran Alhamis aka gama keke na farko, da ragowar bututun Tartsatsi. Ta farko a littafi ce za ta karɓa, wata mai sayar da yadi a kasuwa a da, mace mai jiki, shekarunta kamar arba'in. Mota ce ta take mata ƙafafu shekara shida da suka wuce, tun daga nan tana ɗaki a gidan mahaifiyarta, daga tabarma sai bakin ƙofa. Muka je mu amintattu uku, ni da waya a hannu, na riga na zaɓi inda haske ya fi kyau.

Keken ya ƙi shiga ƙofar gidan, ya fi ta faɗi da ɗan yatsa uku. Na fara bayanin cewa za mu koma mu yi nazari. Mahaifiyar, wata tsohuwa wadda bayanta ya ranƙwafe, ta shiga ciki ta fito da guduma, ta fara dukan gefen ƙofar gidanta da kanta, bulo yana zuba a kan ƙafarta. Ban san sanda na karɓi gudumar ba.

Mai yadin ta hau da ƙarfin hannunta, ta ƙi a taimaka mata. Tartsatsi ya nuna mata birki sau ɗaya. Na ce ta ɗan tsaya ta kalli nan ta yi murmushi. Ba ta ji ni ba. Ta juya abin tuƙi, ta fita ta ƙofar da muka fasa, ta bi layin. Layin nasu gangara ne mai ramuka, yana sauka har bakin titi. Na ga keken yana ƙara gudu, yana faɗawa rami yana fitowa, duk nauyinta a kan bututun nan, mayafinta yana tashi a baya, har ta sha kwana ta ɓace. Na tsaya da guduma a hannu, ba abin da ke cikin kaina sai bakin siririn bututun da aka nuna mini a bayan shago.

Muka zauna jira. Tsohuwar ta kawo mana ruwa, ta ce mu bar ta, ta san inda ta nufa. Sai bayan awa ɗaya da rabi ta dawo, gumi sharkaf, murya a dushe. Kasuwa ta je. Ta samu matar da ta gaje mata rumfa, suka yi cacar baki a gaban kowa, har shugaban layin ya shiga tsakani ya ce ta dawo ran Litinin a duba mata wuri.

"Inna, na gaya mata duk abin da na tara," ta ce da tsohuwar, tana dariya tana haki. "Shekara shida ina shirya shi."

Tsohuwar ta juya mana baya tana gyara bulon da ya zube, ta daɗe tana gyara shi. A hanyar dawowa na tuna ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Rahoton farko haka ya tafi babu hoto, na rubuta abin da ya faru a layi shida. Jan Biro ta karanta sau biyu, ta miƙo mini ba tare da ta buɗe biro ba.

Ran Asabar na koma wurin mai ƙarfe na ce ya ɗora mai kaurin. Ya dube ni da tausayi, ya tambaya ko an gano mu ne. Na ce a'a. Ya ce to me ya faru. Na ce ya ɗora kawai, kuma na tsaya ina leƙa bakin kowane bututu har aka gama lodi. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan jagora ya yi alkawarin kuɗi za su shigo, kuma sun shigo. Bai ce komai ba game da inda za su tafi daga nan. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Ba ruwana da bangon da ya fasa, ko abokan cinikin da suka gudu, ko baƙin mai da ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcensa, ko yayar matarsa da ta fara ajiye masa kujerar da ke kusa da tata a taron dangi, inda babu damar yin gyangyaɗi. Idan mutanen da ba ka sani ba suka fara tsayar da keke a tsakiyar titi suna ƙwala maka kira, kai ka jawo. Idan ka wayi gari ka ga ka haddace sunayen da ke cikin littafi mai baƙin bango, da layin kowa, da faɗin ƙofarsa, kada ka zo wurina da ƙorafi, ban san maganinsa ba.

Mai neman ƙarin bayani ya zo shago da rana, ban da gobe. Gobe ina can ƙarshen gari da igiyar awo, gidan ta goma sha bakwai a littafin. An ce ƙofar tasu ƙarama ce, don haka zan tafi da guduma.